Bana Ni Aka Shuka

Shekara arba'in ina watsa iri
a fadamar Dadin Kowa,
ban taɓa tambayar ƙasa ko tana jin zafi ba.
Bana ni aka shuka.

Da dare abin ya faro.
Buta a hannu sau bakwai kafin assalatu,
fitsari na ɗiga kamar randa mai tsaga.
Na ce tsufa ne, na ɓoye wa Asabe,
ashe tana kwance tana ƙirga kukan ƙyaure.

Likita ya kira abin da sunansa: daji,
a wani ɗan ƙullutu ƙarƙashin mafitsara.
Na ce, daji ai na san shi, da gatari na ci nawa.
Bai yi dariya ba.
Ya nuna mini samfur cikin kwalba,
ƙwayar ƙarfe, ba ta fi shinkafa guda ba.

Sittin da huɗu, in ji shi, da allura za a jera su
yadda kake jan igiya ka daidaita layi.
Ba sa tsiro. Ba a girbe su.
Wuta ce a cikinsu marar hayaƙi,
tana cin ciyawar a hankali
har ta huce don kanta.

Bijimai biyu suka tafi, da injin ban-ruwa.
Hanya ta ci kwana, aikin bai kai
tsakanin azahar da magariba ba.

Zafin zama na jure, da raɗaɗin tsugunno.
Abin da ba a faɗa mini nauyinsa ba:
wata biyu kada jika ya hau cinya.
Ladidi da cikinta daga bakin ƙofa take gaisuwa,
kamar surukar da ba ta saba ba.

Dija kuwa shekararta huɗu.
Na ja mata layi a ƙasa da sandata,
ta zauna daidai kansa, yatsun ƙafa sun ƙetare,
tana gangaro mini goruba.
Jiya ta dube ni ta ce,
Kaka, in aka yi ruwa
shinkafar ta kunnenka za ta fito?

Na yi dariya har wurin ya motsa.

Saura kwana goma sha tara a share layin.
Gwajin jini kuma sai bayan Sallah.
Manomi ya san wannan zaman:
ka rufe rami da diddige,
ka koma gida,
ka hana hannunka tonowa.