Daga Aboabo Zuwa Kejetia, A Ƙafa

Ranar da nas ɗin asibitin Manhyia
ta ɗaure min dantse da abin awon jini,
ta dubi allura, ta dube ni, ta girgiza kai,
a ranar ce Hajiya Memuna ta buɗe littafinta
ta ce bashina ya kai sidi dubu biyu da ɗari uku.
Lissafi biyu suka hau a yini ɗaya,
ba wanda ya yi min sallama.

Na zauna bayan keken ɗinkin da ba nawa ba.
Shekara goma sha ɗaya ina taka shi,
ƙafa tawa, riba ta wata,
ni kuwa sai kumburin sawu da haki a kan matakala.

Washegari bayan Asuba na bar torotoro ta wuce.
Yaron mota ya leƙo: "Adiza, yau fushi ake da mu?"
Na ce masa gaba dai.
Kafin in kai Asawase gwiwata ta fara zagina,
kafin in hango rufin kasuwa
na tuba sau uku, na fasa tuban sau uku.
Amma sidi biyar na nan a bakin zanena,
ɗumi gare ta kamar ƙwan da aka ɗauko yanzu.

Na miƙa wa Wofa Yaw mai susu.
Ya lashi yatsa, ya buɗe kati,
ya ja layi ɗaya siriri.
Wai wannan ɗan layin ne zai fitar da ni.

Koko na rage masa sukari,
daga cokali uku zuwa ɗaya, daga ɗaya zuwa haƙuri.
Ƙosai bakwai suka koma uku.
Mai wake da shinkafa ta riƙe ludayi a sama tana jira
in ce ƙara taliya, ƙara ganda, zuba mai,
na ce ganye, da ƙwai guda.
Ta ce, "Ke da wa?"
Na ce ni da ni.

Tuwon dare kafin Magariba nake ci yanzu,
malmala ɗaya, miyar ayoyo ta fi shi yawa.
Barikisu 'yata na dariyar takalmin gwanjon da na saya,
wai na zama 'yar ƙwallo da tsufana.
Matan gidanmu kuwa a bakin famfo:
"Ta faɗa fa. Ciwo ne, ko cefane ya gaza?"
Na ji, na cika bokitina.

Kada in yi ƙarya.
Bikin ƙanwar Fuseina ya kayar da ni warwas:
atamfar yayi na karɓa bashi,
dafa-duka faranti biyu, lemon kwalba mai raɓa,
kwana tara ban ga Wofa Yaw ba,
in na hango hularsa sai in sunkuya neman allura.
Rana ta goma na ɗaura takalmi.
Hanya ba ta tambaye ni inda na shiga ba.

Yau wata goma sha huɗu.
Hajiya ta soke sunana da jan biro,
ta daɗe tana kallon shafin.
Akwai wani tsohon keke a Alabar,
fentinsa ya goge, amma haƙoransa lafiya,
na biya rabi, mai shi ya ɗaura masa ƙyalle da sunana.
Jinin bai gama sauka ba, nas ta ce a ci gaba.

Jiya da dare na rage wa rigata inci biyu.
Ƙyallen da ya fita ban yar ba,
na ninke shi, na ɗinke bakinsa,
na zuba kuɗin motar gobe a ciki.