Igiyar Goggo Dudu

A Bajoga aka kayar da ni bara,
ba a fi ni ƙafa ba, ba a fi ni dabara.
Na kama ƙugun Sambo na Nafaɗa,
kalangu yana kiran sunana,
sai gumi ya shiga tsakanina da shi,
yatsuna suka buɗe da kansu
kamar bakin mai gyangyaɗi.
Na ji yashi a haƙorina.

Na dawo Dukku a bayan motar gawayi,
ba wanda ya ce mini sannu.
Goggo Dudu tana tsince wake a faifai,
ta ce, "Gidado, miƙo hannu."
Ta damƙi tsintsiyar hannuna
da yatsun nan nata, saiwar tsamiya.
Ta ce, "Ƙwace."
Na ja, na murɗa, na tokare da dugadugai.
Shekararta saba'in ba biyu.
Ko ƙwayar wake ɗaya ba ta zuba ba.

"Ƙirji ka tara, ɗan nan, ƙirji da wuya.
Ƙirji ba ya riƙe mutum."

Rijiyar unguwarmu gaba talatin ce,
in ka leƙa, ruwan kamar ƙwayar ido.
Guga ashirin kafin hantsi,
hannu bisa hannu,
ba naɗe igiya a tafi, ba takewa da ƙafa.
Ran farko bororo, ran uku jini.
Da dare na kasa ɗaga lomar tuwo,
ƙannena suna dariya cikin riga.

Ta ɗaure dutse da igiya a tsakiyar muciya,
na miƙe hannuwa ina naɗewa,
dutsen yana hawa kamar mai jin kunya,
in ya iso, in sauke shi a hankali.
Saukewar ta fi ciwo.
Wuta tana tashi daga wuyan hannu
ta bi sangali har gwiwa.

Buhun algarara jiƙaƙƙe,
in matse dama, in matse hagu
sai ya daina hawaye.
Tukunyar gero, in nutsa hannu har ƙasa,
in dunƙule, in ware,
don ta ce mai rufewa kaɗai ya sani
rabin hannu gare shi.
Jarka biyu a bakin yatsu
daga rijiya zuwa gidan Ardo Bappa.
Reshen tsamiyar ƙofar gida kuwa,
ina reto a kai har ta idar da carbi,
kuma Goggo ba ta gaggawa da Ubangiji.

Wata huɗu, tafina ya yi kanta,
jijiyoyi suka fito kamar hanyar tururuwa.
Na fasa ƙoƙo biyu ban sani ba.
Na gaisa da liman, ya yi salati.

Sai ta kai ni garke da asuba,
ta zaunar da ni gindin Wule, saniyarta.
Na kama hantsa da ƙarfin rijiya,
Wule ta harbe ni na kife.
Goggo ta yi dariya har da tari.
"Sambo ma dabba ce mai rai.
Ka ji inda zai motsa kafin ya motsa.
Matse a nan, saki a nan."
Sati biyu kafin nono ya yarda da ni.

Jibi ne karawar, a Gombe wannan karon.
An ce Sambo ya ƙara ƙiba.
Goggo ba za ta je ba,
tun farkon damina hannunta yake rawa,
igiya ta gagare ta, har carbi yana suɓucewa.
Daren jiya ni na riƙe mata ƙoƙon kunu,
ban fasa ba, ban zubar ba.
Da ta sha, ta laluba wuyan hannuna,
ta kama, ta ce, "Ƙwace."

Ban ja ba.
Ta ce, "Ja mana, ragon banza."