Uku Cikin Ishirin

Kafin rana ta lashe raɓar Deba
na shiga masarar Kawu Bappayo,
biro a kunne, takarda a aljihu.
Ba a bin gefe, gefen gona maƙaryaci ne.
Na ratsa ta a karkace,
taku goma in tsaya, taku goma in duƙa.

Ta fari lafiya. Ta biyu lafiya.
Ta shida kuwa ganyenta duk tagogi,
a ƙoƙon zuciyarta ga kashi kamar dusa,
tsutsa ta ƙoshi ta miƙe ƙafa
kamar gidan ubanta.
Na ja layi ɗaya.

Ishirin na buɗa, uku na samu.
Na ce, Kawu, mai da kuɗinka lalita,
uku ba ta isa a fasa kwalba ba,
ga cinnaku ma na yi maka ƙwadago kyauta.
Amma in sama ta yi shiru kwana bakwai,
ranar da uku ta zama biyar,
a goya famfo tun da asuba.

Bai ce uffan ba.
Ya ja ni kwari, wajen tsamiyar kudu,
inda bara gyaɗa ta yi ganye har ƙwauri
sannan ta bushe a tsaye
tsakanin kasuwa da kasuwa.
Ya tuge ɗaya ta bana. Saiwa baƙa ƙirin,
farin zare ya naɗe mata wuya.
Ya damƙi ƙasa ya kai mini hanci:
"Wannan fa, ɗan boko,
a wane layi za ka sa ta?"

Warin rumbun da ruwa ya kwana a ciki.
Na ce, damina nawa gyaɗa ke bin gyaɗa a nan?
Ya lanƙwasa yatsu, babban kaɗai ya tsira.
Can kan tudu ƙuduji ya yi fure,
ya ci ado kamar mai bin bashi,
irinsa na barci a ƙasa
tun ina goye.

Na juya takarda, bayanta babu layi.
Na rubuta: baɗi a yi musu musayar ɗaki,
dawa ta sauko kwari,
waken suya ya hau tudu.
Kawu ya leƙa, bai iya karatun ba,
ya ce in ƙara da cewa shi ya faɗa.

Saiwar na ƙulle a leda, za ta Gombe.
Laraba zan dawo in sake ƙirga.
Har na hau babur
hannuna bai daina warin ƙasarsa ba.