Abin da Bai Shiga Littafin Taro Ba

Ni ce magatakarda. Nawa rubutu ne, ban da tsoma baki.
Daren Talata a ƙauyenmu na Vermont,
ƙanƙara ta binne matakalar zauren gari,
mutum arba'in da bakwai, kowa da jiƙaƙƙen takalmi.

Likita Pruitt ta fara: jiha ta buɗe asusu ɗaya,
kowa ya zuba gwargwadon samunsa, kamar adashi,
wanda ciwo ya kayar, ranar shi ke da ɗauka.
Na rubuta.

Hollis Batchelder mai injin katako ya miƙe, hula a hannu:
"Ma'aikata shida gare ni. Ku ɗora mini inshorarsu,
biyu za su koma gida kafin ƙanƙarar nan ta narke."
Bai ɗaga murya ba, shi ya sa zaure ya yi tsit.
Na rubuta.

Wani saurayi daga babban birni, da takardun lissafi,
ya ce a wajabta wa kowa ya saya,
jiha ta cika wa mai ƙaramin ƙarfi.
Wata tsohuwa daga baya: "Wanda bai saya ba fa?"
"Tara."
"Au, mutum aljihunsa ya huje, ku kuma ku ci shi tara?"
Aka kwashe da dariya. Dariya ba ta da gurbi a littafina.

Haka ma wana, Wendell.
Shanu sittin yake tatsa tun duku-duku.
Samunsa ya haura layin tallafi da dala ɗari uku,
bai kuma kai kuɗin kamfani ba:
ba tsuntsu, ba tarko.
Allurar suga ta wata ɗaya yake ja har wata biyu.
Saniya in ta yi tari, likitanta na ƙofa kafin hantsi;
shi kuwa ɗan yatsan ƙafarsa ya yi baƙi tun kaka,
ya ɓoye shi a safa biyu.

Shugaba ya duba agogo:
a kafa kwamiti, a dawo watan Afrilu.
Na rubuta, na kashe fitila, na kulle.

A hanyar gida na ga haske a garkensa.
Na tsaya, injin mota na kunne.
Yana ɗingishi tsakanin shanu, bokiti a hannu.
Ya hango ni, ya ɗaga murya:
"Me suka yanke?"
Na ce, "Shiga ciki, ka cire safar nan in gani."