Takarda Mai Hatimi Biyu

Alƙali ya karanta cikin minti huɗu
abin da na shekara biyu ina ɓoyo:
a mayar da yaro hannun uwarsa a Doso
kafin Laraba ta zagayo.
Ya buga hatiminsa gefen wanda aka bugo can,
shuɗi kusa da ja,
ƙasa biyu suka haɗa baki a kaina.

Ban yi musu ba. Ni na ɗauko shi.
Na ce wa Hamsatu kwana goma ne, ya ga dangi,
na ƙetaro da shi Kamba a bayan babur,
ya riƙe rigata yana ƙirga shanu.
Kwana goma suka haihu, har suka ga jikoki.
In wayarta ta shigo sai in kife ta kan keken ɗinki,
in taka, in taka,
har ƙarar allura ta cinye kukan.

Takarda ta ce a mayar.
Ba ta ce wanne ba.
Wanda na kawo yana ce wa ruwa hari,
haƙoransa cif, ba giɓi,
ba ya barci sai da gefen zane a hannu.
Wannan kuwa, Zayyanu na yau,
haƙoransa biyu na kan rufin ɗakin Inna,
shi ya jefa, ya rufe baki kada ƙadangare ya gani.
Wa zai hau ya sauko da su,
a cika lissafin kotu?

Daren Talata na kunna fitila.
Riga uku, wando uku,
kowanne na bar masa kalmasa yatsa huɗu.
In ya yi tsawo ta warware.
Za ta gane ɗinkin, ta san hannuna.
Wannan kaɗai ce wasiƙar da lauya bai hana ba.

A bakin iyaka, ƙarƙashin darbejiya,
wata jami'a ta buɗe fayil,
ta duba hoto, ta duba yaro, ta sake duba hoto.
Hamsatu ta rame.
Ta durƙusa cikin ƙasa da sabon zanenta,
ta yi masa magana da Zabarmanci, a hankali,
kamar mai kiran kaza da tsaba.

Ya juyo ya dube ni.
"Baba, me ta ce?"

Nan ne hukuncin ya same ni,
ba a Birnin Kebbi ba.
Na ce, "Ta ce ka girma.
Ta ce ko ka ci abinci."
Akwai sauran abin da ta faɗa,
na fassara duka, ban rage ko kalma ba,
har da inda ta ce kullum tana shimfiɗa tabarmarsa.

Na sa hannu, ta sa hannu.
Biro ɗaya, ba mu haɗa ido ba.
An rubuta mini hutun ƙarshen zango, da kiran Juma'a,
in ta ɗauka.

Na tayar da babur da la'asar.
Wajen ramin nan na gaban gidan mai
na rage gudu, na ce, "Riƙe da kyau,"
iska kuwa ta cika mini bayan riga.