Gidan Titin Lagrange

Shekara tara ina aikin dare a wani asibiti a Toledo,
ina juya marasa lafiya, ina canza zanin gado,
ina ƙulle dala ɗai-ɗai kamar mai tsintar gero a rairayi,
har abin ya kai kafin alƙalami.

Ranar da na sa hannu a banki
biro ya yi mini nauyin taɓarya.
Shekara talatin, in ji takarda.
Na ƙirga a yatsu: kafin in gama biya
furfura ta gama cinye kaina.

Gida ne mai hawa biyu, jan bulo, baranda ta karkace.
Tsoho Kazimir Wilczak ya miƙo makullai bakwai,
biyu daga ciki shi kansa ya manta ƙofarsu.
Ya ce, "Odette, gidan nan yakan yi tari da daddare.
Kada ki firgita, tukunyar ɗumama ɗakuna ce."
Na yi dariya, ban tambayi shekarunta ba.
Araha ba ta ado, amma ni ranar kunnena a toshe yake.

Kafet na fara yayewa,
ya taso da warin karnuka uku da suka daɗe da mutuwa.
A ƙarƙashinsa katako mai launin zuma
yana kwance yana jiran mai gogewa.
Takardar bango ninki huɗu na ɓare da wuƙa,
sai ga zanen fensir a jikin ƙofar kicin:
tsawon wata Halina, shekara biyar, shida, takwas.
Na yi wa gidan fenti kaf.
Wannan wurin na tsallake.

Janairu ya zo da ƙanƙara har gwiwa.
Ƙarfe uku na dare tarin ya tsaya cik,
bututu ya daskare, ya tsage,
ɗakin ƙasa ya koma tafki, kwalaye suna iyo.
Wendell mai gyaran famfo ya sauka da tocila a baki,
ya fito ya rubuta lamba a bayan ambulan.
Na zauna a kan matakala.
Ashe mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo,
kuma yanzu ni ce mai ɗakin.

Na sayar da mota, na koma hawa bas.
Na koyi ɗaura tayil, layin farko ya tafi a karkace.
Na koyi cewa kuɗin haya ba riba ba ne:
banki na da baki, haraji na da baki,
inshora ma ta miƙo ƙoƙonta,
rufi kuwa shiru yake yi, amma nasa cikin ya fi girma.

A watan Afrilu Marisol Arroyo ta ɗauki sama,
ita da ɗanta Teo da akwatin kifaye.
Ni ina ƙasa, ina jin sawunsa a kan silin
kamar ruwan farkon damina.
Ɗaya ga wata take biya.
Sau ɗaya ta kai sha ɗaya, an rage mata awoyi a masana'anta.
Ta tsaya a ƙofata tana murza yatsu.
Na san wannan tsayuwar,
na yi ta shekara tara a ƙofar wasu.

Ƙarshen shekara na baje rasit a teburin kicin,
na tara, na ɗebe, na sake ɗebewa.
Dala tamanin da uku.
Ita ce ribar duka.
Na sayi tsani da ita.

Jiya na hau shi ina kwashe ganye daga indararo,
sai na hango gidan da ke bayan katanga,
tagoginsa a toshe da falanki, ciyawa ta cinye ƙofa.
Na daɗe ina kallonsa.
Wannan karon, kafin in tambayi kuɗi,
zan fara sauka ƙasa in gaida tukunya.