Ragar Gashi

Ragar gashinmu ta rasu washegarin Layya,
ƙafa ɗaya ta durƙusa,
haƙarƙarin rago ya sha toka.
Shekara sha huɗu tana cin wuta.

A babban kantin Filato na ga wata,
baƙa, mai tayoyi da murfi,
kuɗinta manne a goshi,
ba wanda zan ce wa "rage mini".
Sanyin wurin ya koro ni.

Katako, sai ƙarar guduma.
Tankari ya juya tsohuwar, ya yi dariya:
"Aikin babana ne, ga bakin waldarsa."
Ya tsaga ganga gida biyu,
ya auna tsayi da ƙuguna,
ya bi ni jikka ɗaya bashi.

Sabuwar tana ɗan ɗingishi a kan siminti.
Na sa mata dutse.